Kan Roba a Gadon Hamma

Ni ce na ɓata wa Othniel ɗan Keturah suna, da muryata, a saƙon waya na minti huɗu. Duk wanda ke zaune a unguwarmu ta Rumde ya ji saƙon nan, wasu har yau yana cikin wayarsu. Saboda shi iyayen yarinyar da zai aura suka ce a dakata da magana, uwarsa kuma ta yi wata huɗu ba ta ɗaga ido a kan layinmu. To ga ɗaya ɓangaren labarin. Na san ba za ku yi ta tura shi da sauri kamar yadda kuka tura wancan ba, amma ku karanta.

Sunana Asta. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da na Keturah, shekara talatin da biyu ke nan. Su mutanen kudancin jiha ne, daga wajen Numan, Kiristoci. Mu kuma daga cikin garin Yola muka tsallako Jimeta. Mijinta Silas ma'aikacin gidan ruwa ne, ya rasu Othniel yana aji uku a firamare. Da keken ɗinki ɗaya Keturah ta raine shi. Shi kaɗai Allah ya bar mata.

Tun yana ƙarami yaron nan nawa gare shi, irin nawar da ke sa mutum ya ji kamar ya make shi. Ka aike shi sayen tumatur, sai miya ta kusa ƙonewa kafin ya dawo, domin ya tsaya yana juya kowane ɗaya yana duba gindinsa. In uwarsa ta ce ya riƙe mata tef ta auna kafaɗar mai ɗinki, sai ya ce, "Mama, a sake, matar ta motsa." Na sha ce wa Keturah, wannan ɗan naki ranar da gobara ta tashi sai ya tsaya ɗaure igiyar takalmi. Ta yi dariya ta ce, "Ka bar shi, Asta, haka babansa." Keturah Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne a bakinta.

Likita uwar ta so ya zama. Bai samu gurbin ba, aka ba shi fiziks a jami'a, can Girei. Kullum da safe ya hau mota ya tsallaka gada, da yamma ya dawo da ƙafa fari fat. A shekararsa ta ƙarshe wani malami ya ja shi wani aiki na kwamfuta da ba ma na sashensu ba. Wata rana na same shi a barandar uwarsa ya zuba wa allo ido, haruffa huɗu kawai suna ta maimaituwa, layi bayan layi. Na ce, "Kai kuma wane irin karatu ne wannan, baƙi huɗu kamar ɗan raino?"

Ya ce, "Adda, rubutun halittar wake ne." Adda yake kirana, wato yaya.

"Wake? Na alala?"

"Shi fa. Kowane abu mai rai yana da dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, shi ke faɗin yadda zai kasance. Injin da ke karantawa ba ya iya karanta shi a miƙe, sai dai gutsi-gutsi. Kamar a ɗauki littafi guda, kwafi hamsin, a yayyaga, a zuba miki a tire. Sai ki nemi inda ƙarshen wannan ya yi daidai da farkon wancan, ki haɗa."

Na ce, "In bai yi daidai ba fa?"

"Sai in bar wurin a buɗe, in rubuta cewa ban sani ba."

Na ce masa ni da na yi sakandare na san ba a cin jarrabawa da "ban sani ba". Abokan karatunsa suka miƙa aikinsu suka tafi bautar ƙasa, shi ya roƙi ƙarin wata uku saboda wasu gurabe da suka ƙi haɗuwa. Keturah ta yi kuka, ni na taya ta faɗa.

Bayan bautar ƙasa ya ƙara karatu, ya samu aiki a wani asibiti a Abuja, sashen da ake gashin cutar daji. Nan fa unguwa ta naɗa masa Dokta. In ya zo Kirsimeti, daga bakin titi ake ta "Dokta, Dokta, duba min wannan kurjin". Shi kuma kowa sai ya tsaya ya gaya masa, "Ni ba likita ba ne. Injin nake kula da shi, da lissafin hasken." Uwarsa ta riƙa taka masa ƙafa, ta ce, "Ka yi shiru mana, an ba ka girma kana mayarwa." A wani zuwan Kirsimeti ne aka fara maganar aurensa da Hadassah, malamar firamare, 'yar wani tsohon hedimasta mai suna Hosea a Vinikilang. Keturah ta gama tsara komai a kanta. Rumfa biyu za a kafa daga ƙofarta zuwa ƙofata, matan zumunta na cocinsu su zo da kayan kiɗansu, ni kuma in tsaya a kan tukwane. Shekara ashirin tana ɗinka wa 'ya'yan mutane kayan biki, tana jiran nata.

Sai ciwo ya faɗo gidanmu. Yayana Hamajoɗa, da muke kira Hamma, ɗinkin hula ne sana'arsa tun yana saurayi. Ya fara ganin zare ɗaya ya zama biyu, ga ciwon kai da ba ya jin magani. Aka yi hoton kai, aka ga wani ƙari kamar ƙwayar gyaɗa a bayan idon hagu, manne da jijiyar gani. Likita ya ce wuƙa ba za ta shiga wurin ba, sai gashi, kuma ba irin gashin da aka saba ba, wani ne na saiti, sai Abuja. Keturah da kanta ta kira ɗanta a gabana. Ya ce mu taho.

Kwana muka yi a hanya. Othniel ya tarbe mu a tasha, ya durƙusa ya gaida Hamma. Sati na farko aka yi ta shiri. Suka jiƙa wata roba mai raga a ruwan ɗumi, suka shimfiɗa a fuskar Hamma har ta sandare da siffarsa, domin kada kai ya motsa. Aka sake hotuna. Othniel ya yi kwana uku a gaban kwamfuta shi da likita. Ya nuna wa Hamma zanen: haske zai shigo ta wurare da yawa, kowane ɗaya mai rauni, ba ya cutar da inda ya bi, amma duk su haɗu a kan gyaɗar nan, a nan ne za su yi zafi. Hamma ya gyaɗa kai ya ce, "Kamar zanen tsakiyar hula." Aka sa mana ranar Litinin, ƙarfe tara.

Litinin muka zo tun bakwai, Hamma ko ruwa bai iya sha ba don fargaba. Tara ta yi, goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Na tashi na leƙa lokacin da wata nas ta turo ƙatuwar ƙofar. Abin da na gani shi ne Othniel a tsaye, ya kwantar da wani kai a kan gadon da yayana ya kamata ya kwanta. Kai sak irin na mutum, da hanci da kunne, ba gashi, ba jiki. Yana lallaɓa shi yana gyara masa zama kamar jinjiri. Na riƙo nas ɗin na ce mene ne wancan. Ta ce kan roba ne na gwaji. Na ce ya sunansa. Ta faɗi sunan da Turanci, ta yi dariya ta ce, "In an fassara, fatalwa ke nan."

Sha biyu saura ya fito. Ya tsuguna gaban Hamma ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Yau ba za a yi ba."

Na ce, "Saboda me?"

"Adda, injin ya kauce. Na gwada sau uku. Ya kauce kusan milimita biyu."

Na buɗe jakata na ciro tef ɗin ɗinki da Keturah ta ba ni in auno mata labulen ɗakinsa. Na nuna masa ɗigo biyu da farcena, a gaban mutane, na ce, "Wannan? Saboda wannan muka kwana a mota? Kaurin farcena?"

"Shi ne, Adda."

"Likita ya ce a yi ko bai ce ba?"

"Likita ya shirya. Amma sai na sa hannu, kuma ba zan sa ba."

"Kai likita ne?"

"A'a, ni ba likita ba ne."

"To uban wa ya ba ka ikon hana likita aiki?"

Haka na faɗa, ga yaron da ubansa ke kabari. Hamma ya ja mayafina ya ce, "Asta, zauna." Ban zauna ba. Na fita baranda na danna waya, na yi magana a zauren hira na matan unguwa da ke waya, mata ɗari da wani abu. Na ce Othniel da bakinsa ya ce shi ba likita ba ne. Na ce ya bar kan mutum yana gasa kan roba. Na ce su da kansu fatalwa suke kiran abin, kowa ya yi wa kansa hisabi. Na ce wanda ya san hanya an yi masa, mu da muka dogara da ɗan maƙwabta ga mu a zube. Wannan na ƙarshen ƙarya ce tsagwaronta, domin ranar ba wanda aka yi wa irin gashin Hamma, mutum uku aka mayar. Na sani lokacin da nake faɗa.

Kwana tara aka yi kafin mai gyara ya zo ya gama. Kullum bayan an tashi aiki Othniel ya biyo masaukinmu da ayaba ko lemo, ya zauna da Hamma. Ni in na ji sallamarsa sai in shige ciki. Ya riga ya ji saƙon, domin ba a yi awa biyu ba aka tura masa. Bai taɓa ɗaga maganar ba.

Ranar da za a fara, likitan ya kira ni ofis, dattijo ne mai furfura. Ina jin labarin rashin kunyata ya kai masa. Ya juyo min da allo ya ce, "Hajiya, ga ƙarin. Ga jijiyar idon yayanki. Nawa ne tsakaninsu?" Ya ja layi. Milimita biyu da ɗan kaɗan. Ya sa aka kawo kan robar, ya buɗe shi gida biyu. A tsakiya akwai 'yar ƙwayar ƙarfe kamar boris ɗin keke. Ya ce kafin a kwantar da mutum, sai injin ya zagaya ya harbi ƙwayar nan ta kowane gefe, a ɗauki hoto, a ga ko tana tsakiyar hasken. In ta kauce fiye da milimita ɗaya, ba a taɓa kowa. Ya ce, "Ni na san inda ciwo yake. Shi ya san inda haske zai sauka. Ranar nan da ya yi shiru, ni ba zan sani ba, ke ba za ki sani ba. Sai bayan wata shida ko shekara idon ya mutu, mu ce ciwon ne."

Sau biyar aka yi wa Hamma, muka dawo gida. Ciwon kai ya lafa. Zare bai koma ɗaya sarai ba, amma yana gani, yana ɗinki da safe in haske ya yi kyau.

Yanzu ga inda abin kunyar yake, domin zafin rai a barandar asibiti kowa zai iya cewa tsoro ne. Na dawo Rumde na san gaskiya, na yi shiru. Wata huɗu. Mata suna zuwa duba Hamma suna cewa, "Allah dai ya kuɓutar da ku daga hannun yaron nan," ni kuma in ce, "Bari kawai." Na ga Keturah ta daina zama a baranda, ta mayar da kekenta cikin ɗaki a wannan zafin na watan Afrilu. Na ji yara suna bin ta da "Maman Fatalwa". Na ce a raina zai wuce.

Ku kuma da kuka tura, kada ku karanta wannan kuna girgiza kai kamar ba ruwanku. Ni na ce kan roba. Kafin maganar ta tsallaka gada ta kai Vinikilang, robar ta faɗi a ruwa, saura kai. Wai yana ajiye kawuna a ofis. Wai da su ya samu aiki. Wace ce a cikinku ta taka ƙafa goma ta tambayi Keturah? Kun ci shinkafarta, ta ɗinka muku kayan suna cikin kwana ɗaya, amma yatsa ya fi muku sauri.

Hamma ne ya tsayar da ni. Wata safiya yana ɗinki, bai ko ɗago ba, ya ce, "Na ji Hosea ya ce a dakata da maganar auren." Na ce na ji. Ya ce, "Hular nan ta ango ce. Saura sati biyu in gama. Ki san yadda za ki yi, don ba zan ajiye ta a akwati ba."

Washegari na hau keke napep zuwa bakin gada, na shiga mota zuwa Vinikilang. Na sami Malam Hosea a gindin mangwaro yana gyaran buhunan iri, dogo, da tabarau a kan hanci. Na gaishe shi na ce ni ce Asta ta Rumde.

Ya ce, "Na san muryar."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na zauna a kan turmi na faɗa masa komai, tun daga tef har ƙwayar boris. Bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya ce, "Madam, ni ban taɓa yarda yaron yana tsafi ba. Na yi shekara talatin ina koyarwa, na san kayan gwaji. Abin da ya tsaya min shi ne, maƙwabciyar da ta san shi tun yana tsumma ta ce yana zaɓen wanda zai yi wa aiki. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba."

Na ce, "Ƙarya na yi."

"Yaushe kika san cewa injin ne?"

"Tun muna can."

"Wata nawa ke nan?"

"Huɗu."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ake yi wa ɗalibar da aka kama da takarda a cikin safa. Ya ce, "'Yata ta rame. Kin kyauta da kika zo. Da kin fi kyautawa a watan farko." Sannan ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo min ruwa.

Daga nan na yi sabon saƙo a zauren, na faɗi abin da na faɗa a nan. Mutum shida suka amsa. Ɗaya ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, kamar tare muka yi. Na kira Othniel. Na ce, "Ɗana, na zalunce ka." Ya ce, "Adda, tsoro ne, na gani a fuskarki. Baffa yana shan maganinsa? Wata mai zuwa ne fa hoton, kada ku manta." Na so ya zage ni, wallahi da ya fi min sauƙi.

Hosea ya ba da 'yarsa. Amma Othniel ya ce ba zai kawo amaryarsa layin da yara ke yi wa uwarsa waƙa ba. Keturah ta roƙe shi, fasto ya sa baki, ya ce a'a, da irin muryar nan tasa marar hayaniya. Wanda ya hana likita aiki, wa zai tanƙwara shi? A wani ƙaramin coci a Abuja aka ɗaura, mutum bai fi arba'in ba. Keturah ta tafi da ƙanwarta da mata uku na zumunta. Hamma ya aika da hular. Ba a kafa rumfa a layinmu ba, ba a ɗora tukunya ba. Ranar bikin na share ƙofar gidana na koma ciki.

Kwana biyu da dawowarta ta yi sallama a tsakar gidana, karon farko tun tafiyarmu asibiti. Ta zauna a bakin tabarma, ta nuna min hotuna a waya ɗaya bayan ɗaya. Na ce amarya ta yi kyau. Ta ce ta yi. Na fara cewa, "Keturah, ni dai..." ta ɗaga hannu.

"Ka riga ka faɗa. Na ji."

Ta ciro farar leda mai nuna abin da ke ciki daga jakarta ta ajiye a gabana. Atamfar anko ce, shuɗiya, riga da zani da ɗankwali, an ɗinke tsaf.

Na ce, "Ai ban je ba."

Ta ce, "Tun kafin ku tafi Abuja na yanka, da awonka. Ba zai shiga kowa ba, duk unguwar nan ba mai kafaɗarka. Ka ɗauka, yana cin min wuri."

Ta tashi ta gyara zaninta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce in gaida Hamma, ta fita. Ledar tana nan a kan durowa inda na ajiye ta ranar, ban ko kwance ƙullin ba.